Abin da Ke Cikin Hular Baban Ratri

Ina wanke shinkafa 'yarmu Ratri ta bugo daga Bandung ta ce ta sauka. Namiji! Na saki tukunyar, kaji suka ci rabonsu. Jikanmu na fari ke nan, kuma mijinta ya ce ba mai raɗa wa yaron suna, ba mai yanke masa gashi ranar bakwai, sai kakansa.

To lokacin korona ne, ba a shiga jirgin ƙasa sai da katin allura. Mu kam mun yi, har biyu, a zauren dagaci. Maƙwabciyarmu Bu Ngatinem ce ma ta rubuta katunan da hannunta. (Mu nan mace babba Bu ake ce mata, namiji kuma Pak ko Mas.) Na sa su a leda, ledar na sa a wata leda. Ratri ta saya mana tikiti ta waya, ta ce kujeru biyun nan kaɗai suka rage a makon.

Ana gobe suna muka isa tashar Kutoarjo da hantsi. Ni da kwandon shinkafa a ganyen ayaba da soyayyen tempe, irin awararmu ta waken suya, Baban Ratri da sabuwar riga da baƙar hularsa, yana tafe kamar shi ya gina tashar. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, har mai shara na gaya wa na yi jika.

Mai duba takardu mace ce, Bu Siregar, 'yar garin Medan. Kun san muryarsu, gaisuwa take yi amma mu mutanen Jawa sai mu ɗauka faɗa ne. Ta duba nawa, ta ce wuce. Ta karɓi nasa, ta kalli katin, ta kalli na'urarta.

"Pak, katin allura ya ce Harjosuwito. Tikitin kuma na wani ne, wai shi..."

Sai maigidan nawa ya fashe da tari. Tari, a wannan zamani! Layi ya watse, wata ta ƙara takunkumi a kan takunkumi.

"Lafiyarsa lau," na ce. "Yawu ne ya sarƙe shi. Baban Ratri, me ke damunka?"

"Kawo katin ɗan ƙasa," in ji Bu Siregar. "In lambarsa ta zo ɗaya da ta katin allura, shi ke nan. In babu, ba jirgi."

"Na manta shi a gida."

"Ka me?" na ce.

"Bu, ki tafi ke kaɗai," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ki ce musu ciwon ƙafata ya tashi."

"Ni zan raɗa sunan? An riga an sayi awaki biyu! Ka taɓa ganin kaka mace ta yi?"

Aka sanar jirgi saura minti bakwai. Na dube shi, ya riƙe hular nan da hannu biyu. Shekara ashirin da takwas da aurenmu, ko alwala zai yi sai ya maƙale ta a hammata. Na daɗe da sanin akwai abu a cikinta, na ɗauka laya ce, har na sha yi masa wa'azi a kai.

Ni ban taɓa kai hannu kan mijina a gaban mutane ba. Na ce, "Astagfirullah. Pak, ka yafe mini duniya da lahira." Na fizge hular.

Ga katin ɗan ƙasa, a naɗe cikin takarda. Bu Siregar ta ɗaga shi sama, ta karanta da muryar nan tata da ake ji har bakin titi.

"Gudel! Kai ne Gudel?"

Gudel fa, ɗan ɓauna. Irin mai bin uwarsa cikin taɓo, hanci jiƙe.

Na toshe bakina da mayafi. Na yi a'uziyya. Bai hana ba. Dariya ta ƙwace mini har na zauna a kan kwandon, na ji tempe na karyewa. Mutumin da ke jan sallar asuba a unguwa! Wani tsoho mai kejin tsuntsu a bayanmu ya ce, "Haba Mas Gudel, ai da ka faɗa da mun zo maka da ciyawa."

"Suna biyu, mutum ɗaya?" in ji Bu Siregar. "Wane irin abu ne wannan?"

Tsohon ya ce, "'Yata, mu nan in namiji ya yi aure sai a ba shi sunan manya, na yarinta ya kwanta. Hukuma ce kawai ba ta mantuwa. Ni da kike gani, ba za ki ji nawa ba sai a makabarta."

Ashe Ngatinem sunan da duk gari ya sani ta rubuta, lambar kawai ta kwafa. Bu Siregar ta ce in karanto lambar katin allura ita tana bin ɗayan. Bokona aji uku ne, amma lamba ba ta gagare ni ba. Goma sha shida ne, na karanto su ina shessheƙa, duk suka zo daidai.

Ta miƙo katin, idonta ya yi ja don danne dariya. "A sauka lafiya, Pak... Harjo. Ku ruga!"

Muka ruga. Shi gaba da kwando, kai ba hula, ni a baya da hular a hannu. Ƙafarmu na shiga, ƙofa na rufuwa.

Sai da muka wuce gonaki da yawa ya yi magana, yana kallon taga. "Yayyena uku duk ba wanda ya kai shekara. Shi ya sa inna ta sa mini sunan nan, wai mutuwa ta ɗauka dabba ce ta wuce."

Na yi wa tsohuwar addu'a, na ce rai na Allah ne, amma ta kyauta. Na mayar masa da hularsa. Can sai na tuna.

"Tsaya. Ratri ce fa ta sayi tikitin. Ta sani ke nan?"

"Tun tana sakandare. Keke na saya mata don ta rufe baki."

Washegari ya ɗauki yaron, ya yanke gashin, ya ce Raihan, murya ba rawa. Da aka miƙo mini shi na ga wuyan nan, na ga cinyoyin nan kamar na ɗan ɓauna, sai kafaɗuna suka fara girgiza da dariya.

"Bu," in ji Baban Ratri. "Kada ki soma."