Randar Gwaggo Tabawa

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya kai ni garinmu, sai dai garin ba a ƙasa yake zaune ba. A kan darduma yake. Darduma ce guda ɗaya, ja, mai zanen furanni da tsuntsaye, an shimfiɗa ta tun daga tasha har bayan makabarta. Gidaje da kasuwa da masallacin Juma'a duk suna bisa, a ƙarƙashinta kuwa babu komai sai sarari. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne takalmana duk laka.

A ƙofar gari na tarar da wata agwagwa zaune a kan benci tana karɓar takalman mutane.

"Cire," in ji ta.

Na cire na miƙa mata. Ta zura ƙafafunta ta ɗan zagaya, ta ce sun yi mata yawa amma za ta yi haƙuri. Sannan ta ce in bi gefe-gefe, tsakiyar gari ba ta da lafiya.

A garin, ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Hadari yakan haɗu a ƙarƙashin dardumar, ya yi rugugi a tafin ƙafarka, sai ɗigon ya ratso ya wuce ta gefen kunnenka ya yi sama. Mai lema sai ya juya ta ya shiga ciki ya tsaya. Da an ɗauke ruwa akan yi shela, kowa ya kama bakin dardumar da ke kusa da shi ya ɗaga, iska ta shiga ta busar da ita. Duk gari ana yin haka, ban da wuri guda: filin da ke tsakanin gidan Baba da gidan Gwaggo Tabawa.

Gwaggo Tabawa yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba sa magana tun bikin ƙanwata Hajjo, saboda an kai wa maƙwabta goron ɗaurin aure kafin a kai mata. Wannan kam ko a farke haka yake. A mafarkin sai na ga ta dasa wata ƙatuwar randa a tsakiyar filin, daidai hanyar da Baba yake bi zuwa masallaci, don dole ya riƙa zagayewa. A gindin randar take zama tana dama fura tana sayarwa. Shi kuma Baba ya rufe nasa rabin filin da tamfol, ya danne da duwatsu, wai kada ruwan randarta ya taɓa masa wuri.

Ina tsaye ina kallon wannan, sai ga dubagari. Jaki ne, da gajeren wando na kaki da hula mai baki. Ya gaishe ni da sunana.

"Sallau, kai ne ɗan gidan nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, kama min filin nan."

Ya fara sa hanci ya shinshina. Ya ce yana jin warin fumfuna, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya murza wurin da kofato, ya ce in taɓa. Na taɓa, na ji ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ga shi kuwa furannin jajur suke kamar jiya aka saƙa su. Daga nan muka kama bakin filin muka ɗan naɗe shi. Bishiyar mangwaron da ke gefen filin ta karkace, wani mai keke ya gangaro ya wuce yana ba mu haƙuri. Jakin ya kwantar da dogon kunnensa a kan naɗin, ya ce kowa ya yi shiru. Gari ya yi tsit. Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana tauna ƙuli-ƙuli a cikin bargo. Wani farin gari ya zubo min a hannu.

"Zaren ciki ke karyewa," in ji jakin. "Fuskar lafiya lau, amma abin da ke riƙe da ita ya mutu."

Na ce ai wurin a bushe yake ƙayau, ta ina ruɓa ta shiga?

Ya ce haka irin wannan ruɓar take, ba ta jiƙa hannu. Randa tana naso a hankali, zaren ya sha ya bushe, ya sha ya bushe. Tamfol kuma ya hana iska shiga, danshi ya samu wurin kwana, fumfuna ta zauna ta cinye ƙarfin zaren. Ya ɗago kai ya dubi Gwaggo.

"Hajiya, yaushe rabon da a ɗaga randar nan?"

"Ba a ɗaga ta," in ji Gwaggo. "Ba baƙuwa ba ce."

Ta miƙe za ta ɗebo ruwa, sai ƙafarta ta dama ta burma. Ta duba, ta yi tsaki, ta sa ta hagu don ta ciro ta dama, ita ma ta burma. Kafin in ce wani abu ta nutse har ƙugu. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta jawo ƙwaryar fura kusa, ta tambayi wata mata da ke tsaye ko a sa mata sukari.

Sai na gan ni a rumfar mai gyaran darduma, a bayan ’yan tebura. Bushiya ce, tsohuwa, da tabarau a kan hanci. Duk allurar da take so sai ta kai hannu bayanta ta zaro. Na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta ɗago ba sai da ta gama ƙulla zaren da ke hannunta.

"Zaren da ya mutu ba ya tashi," in ji ta. "Ko ka shafa masa mai, ko ka yi masa addu'a, ya riga ya tafi. Hanya biyu ce. Ko in yanke ruɓaɓɓen wurin, in kafa sabon zare a jikin mai lafiya, na tsaye da na kwance, in saƙa furannin ƙulli bayan ƙulli har su koma yadda suke."

"Zai ɗauki lokaci, Inna?"

"Kana da jika?"

"Ko ɗana bai yi wayo ba."

"To, shi jikan zai zo ya karɓa."

Na tambayi hanya ta biyu. Ta ce a yanke wurin a yar, a jawo baki biyun a haɗe. Gari zai ɗan rage tsawo, amma za a gama kafin la'asar. Sai dai ba ta sa almakashi a wurin da mutum ke ciki.

Da muka dawo, Gwaggo ta kai ƙirji. Na leƙa ta wata ’yar ɓaraka na hango ƙafafunta suna lilo a sarari, wata shirwa tana zagaya su. Na ruga zan kama ta, bushiya ta riƙe min riga, ta ce wurin ba zai ɗauki mutum biyu ba, in na matsa tare za mu tafi.

Baba yana tsaye a ƙofar gidansa da carbi a hannu. Carbin yana tafiya da sauri, shi bai motsa ba.

"Sallau," ya ce, "gaya wa gwaggonka ta daina motsi."

Na gaya mata, ko da yake tsakaninsu ko raɗa aka yi za a ji.

"Gaya wa ubanka," in ji Gwaggo, "iska nake sha."

Darduma ta sake cewa ƙas. Gwaggo ta ƙara yin ƙasa, har haɓarta ta taɓa wani fure. Na ga idonta ya canza, ta daina maganar sukari. Sai Baba ya ajiye carbi, ya kwance rawaninsa. Tunda nake ban taɓa ganin kansa a waje ba. Rawanin ya yi ta warwaruwa, ya yi ta warwaruwa, har ya taru a gabansa kamar kayan wanki. Ya kwanta rubda ciki a inda zare ke da lafiya, ya jefa mata bakin. Ya faɗi daidai hancinta.

"Gaya wa ubanka ba na kama rawanin mutumin da bai san gidana ba ranar goro."

Baba ya janye rawanin, ya laluba aljihu, ya fito da wani farin goro ƙato, kamar kan jariri. Ya ƙulle shi a bakin rawanin ya sake jefawa. Gwaggo ta dubi goron ta gefen ido.

"Gaya masa goron na kama, ba rawanin ba."

Ta damƙe shi da hannu biyu. Baba ya ja, na kama ƙugun Baba, jaki ya kama rigata da haƙori, matar da ke jiran fura ta kama wutsiyar jaki. Gwaggo ta fito sululu a kan cikinta, ƙwaryarta a ka, ko ɗigo bai zube ba. Randar ce ta tafi. Ta karkata a hankali ta faɗa ramin, muka yi ta sauraron ƙarar fashewarta, shiru. Can sai muka gan ta tana wucewa ta saman kanmu, ta nufi gabas, da moɗarta a kai.

Bushiya ta sa aka yaye tamfol. Ƙarƙashinsa ya fi na randar lalacewa, hannu kawai za ka sa ya ruguje. Jakin ya dubi Baba, Baba ya dubi mangwaro. Bushiya ta bi gefen ruɓar tana lanƙwasawa tana saurare, inda ta daina jin ƙas sai ta ƙara ɗan taku ciki, ta ce ba a barin ko ƙyallin mai ciwo, in an bari ɗinkin ba zai riƙe ba. Sannan ta yanka. Filin gaba ɗaya ya tafi, aka bar mangwaro a bakin rami yana leƙe.

Aka yi shela. Mutanen gabas suka kama, na yamma suka kama, aka ja. Gidan Gwaggo ya taho yana gurgurawa da kajinsa da shanyarsa, gidan Baba ya taho daga ɗaya ɓangaren, har tagar ɗakinta ta zo ta tsaya daf da tagar ɗakinsa. Bushiya ta hau ɗinki ta bayan dardumar, tana rataye a ƙasa kamar jemage. Aikina shi ne in riƙe zaruruwa a baki in riƙa miƙa mata ɗaya-ɗaya. Inda aka haɗe, rabin fure ya gamu da rabin tsuntsu. Abin ya buɗe ido ya dube mu, ya yi ƙamshi, ya koma barci.

"In an sayi sabuwar randa," bushiya ta ce daga ƙasa, "a ɗora ta a kan duwatsu, iska ta riƙa bi ta gindinta. Kowa kuma ya riƙa ɗaga gefensa."

Gwaggo ta shige ɗakinta, Baba ya shige nasa, kowa ya zauna a bakin taga ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Ni ina tsakiya a tsugune, bakina cike da zare.

Sai ƙurar yankan ta shiga hancin Gwaggo. Ta yi atishawa mai ƙarfi, har labulen Baba ya ɗaga.

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Baba ya juyo ya dube ni. Na nuna masa bakina. Ya dubi jaki, jaki ya ce shi ya tashi daga aiki. Baba ya yi gyaran murya, ya shafa kansa da babu rawani.

"Yarhamukillah, Yaya."

Gwaggo ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Barau, ka rame."

"Ai ke ce kika daina aiko da fura."

"Da wa zan aiko? Yaran gidanka duk ƙafarsu ta fi ƙarfin gidana."

"To, yanzu ai ba sai an aiko ba."

Ta ɗauko ƙwaryar ta ɗora a kan tagogin biyu, rabi a nata rabi a nasa. Ta ba shi ludayi, ta zare min zaren daga baki ta ba ni wani. Furar ta sha nono, ga sanyi, ga ƙamshin citta. Na cika ludayin na ɗago shi, har na ji sanyinsa a leɓena.

Sai babur ɗin maƙwabcinmu Malam Ilu ya yi tari a bayan taga, ya mutu. Ya sake buga shi, ya sake mutuwa. Na buɗe ido, gari ya waye, hannuna yana sama daidai bakina. Matata tana tsaye a kaina da tsintsiya.

"Me kake sha?"

Na ce fura.

Ta ce in na ƙoshi in fita in tura wa Malam Ilu.