Sassaƙen Kawu Saaka

Ruhaina 'yar unguwar Maamobi ce, tana aiki a wani ɗakin bincike na jami'a inda ake neman sabbin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Aikinta auna ribosom ne, ɗan injin da ke cikin ƙwayar cuta, wanda ke ƙulla amino asid ɗaya da wani har furotin ya ginu. Tana zuba shi a kwalba tare da abin da ake gwadawa. Idan ƙullin yana faruwa, layi ya hau a allon na'ura, idan kuwa magani ya tare shi, layin ya kwanta.

Kawunta Saaka, mai sayar da maganin gargajiya a kasuwar Nima, ya daɗe yana roƙonta ta gwada wani sassaƙe nasa. Wata Alhamis ta gwada, tana sauri, ba ta haɗa kwalbar kwatance ba, wadda ake bari babu magani. Layin ya kwanta shame-shame. Da murna ta faɗa masa a waya tun tana cikin trotro, motar haya.

Bayan mako uku ta maimaita da sabon ribosom, layin ya hau kamar ba a zuba komai ba. Ta duba littafin firizar da ake ajiye ribosom, ta ga an ɗauke wuta kwana biyu a wancan makon. Ribosom ɗin farko matacce ne tun kafin ta taɓa shi.

Ta yi kwana huɗu ba ta gaya wa kowa ba. Ran na biyar mahaifiyarta ta ce mata an yanke wa Mma Abibatu mai sayar da shinkafa da wake yatsun ƙafa biyu. Matar tana da ciwon suga da gyambo a ƙafa, ta ajiye ƙwayoyin asibiti ta koma sassaƙen, don Saaka ya ce 'yarsa ta jami'a ta tabbatar.

Ruhaina ta same shi a rumfarsa, ta faɗa masa komai. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani.

"Tun Litinin, Kawu."

Ya kwashe kwalaben ya zuba a buhu, suka tafi asibiti tare. Mma Abibatu ta saurari Ruhaina har ƙarshe.

"Akwai Azara a layinmu, ita ma shi take sha," in ji ta. "Ki je yanzu."

Ruhaina ta fita neman gidan, ko takalminta ba ta saka daidai ba.