Rabin Gwiwa

“Ba zan sa hannu ba,” in ji Baba, ya tura takardar gefen teburin likita da bayan yatsa.

Auta ta runtse ido. Mako uku ke nan tana fama da mahaifin nata, tsohon kafinta mai taurin kan tsiya. Yau ce ranar ƙarshe: in bai amince ba, a ba wani gurbin tiyatar, shi kuma ya koma jiran wata takwas yana jan ƙafa. Duk laifin bakinta ne. Ranar farko da ta isar masa da bayanin likita, sai ta ce rabin gwiwar za a canja. Shi ke nan, kalmar ta zauna masa daram a ka.

“Shekara arba'in ina aiki, ban taɓa miƙa wa mutum rabin kujera ba,” ya ce. “Maƙwabcina gaba ɗaya aka canja masa. Ni ne aka raina?”

“Baba, don Allah, ciwonku ba iri ɗaya ba ne.”

“Ke, rufe min baki, ba da ke nake ba.”

Takaici ya sa ta ji kamar ta ɗauki jakarta ta bar shi nan. Likitan, mutum ne mai sanyin magana, ya ɗaga hoton ƙashin wajen hasken taga.

“Baba, duba nan. Gefen ciki kaɗai ya cinye. Gefen waje da jijiyoyin nan lafiyarsu lau. In aka kawo maka ƙofa, gara ta ci ƙasanta, sauran katakon garau, me za ka yi?”

“In yanke inda ya ruɓe in sa sabo mana. Mahaukaci ne ke yar da katako mai kyau.”

“To, abin da zan yi ke nan.”

Baba ya sa tabarau, ya bi hoton da farce a hankali, har da ƙwanƙwasa shi. Sannan ya jawo takardar ya rattaba hannu.

“Yauwa, yanzu na ji magana,” ya ce, ya juyo wajen Auta. “Ke kuwa, duk bokon nan naki, bayani ɗaya ya gagare ki.”

Da safen nan a mota Auta ta faɗa masa haka, har sau biyu, kuma da ƙofar ta yi misali.

Ta durƙusa ta miƙo masa sandarsa.