Masar Baba Godfrey

"Tsaya daga nan, Mai ƙuli! Kar ki ƙarasa ni kafin Kirsimeti."

Da wannan Baba Godfrey ya tare ni ran da na shiga duba shi. Yana kwance a doguwar kujera, ƙafafu sun kumbura, amma bakin nan nasa ko gezau. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Tirwun, nan Bauchi. Ni sana'ata ƙuli-ƙuli, shi kuwa ko ɓarin gyaɗa ya shiga bakinsa sai maƙogwaro ya toshe, sai asibiti. Ko ruwan gidana bai taɓa sha ba. In na aika tuwon sallah jikoki ke cinyewa, shi ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce ya yi daɗi.

'Yarsa Eunice ta ce likita ya ce zuciyar ta gaji. Shi kuma ya kafe sai an kai shi ƙauyensu can wajen Bogoro ya yi bikin Kirsimeti.

"Abinci ne damuwana, Mama," in ji ta. "Tsiren hanya da ƙuli, miyar ƙauye da gyaɗa. In ya ƙi ci su ce ya raina su."

"Ni masa nake so," ya ce. "Shekara arba'in a Bauchi, ana ta zuga masar Bauchi, ni sai dai ƙamshi."

Bakina ya riga ni. "Ni zan yi maka guzurin."

"To, Eunice, kira fasto."

Muka yi dariya, amma da na koma gida sai na zauna tunanin yadda zan yi. Ni da ko gashin kaina ƙamshin gyaɗa yake! Na sayo sabuwar tanda da sabon cokali da sabuwar kula. Maigidana Hammajoda ya samo man shanu wajen danginsa, maimakon man gyaɗar da ake suyar masa da shi. Shinkafar ma a turmi aka daka, don injin unguwarmu shi ke niƙa gyaɗata. Na tafi gidan ƙanwata a Inkil, na yanke farce, na yi wanka har sau biyu, sannan na taɓa ƙullun.

Da safe na kai musu bakin mota. Eunice ta riƙe allurar da ake yi masa in gyaɗa ta taɓa shi. Ya tsoma masa a zuma ya gutsura, muka zuba wa leɓensa ido. Can sai ya dafe wuya ya zare ido.

"Innalillahi!" na ce.

"Ashe haka kuke cin daɗi ku ɓoye mini?"

Wallahi ba don ciwo ba da na maka masa murfin kular.

Kwana biyu bayan Kirsimeti Eunice ta kira da la'asar. Ta ce ya je coci, ya gaisa da kowa, yau ya zauna gindin mangwaro yana kallon masu rawa, daga nan bai tashi ba. Ko gaisuwar rashi ban yi mata ba, na ce, "Masar ce?"

"A'a, Mama, zuciya ne. Masa kam kwana uku yana ci. Duk gidan da aka kawo abinci sai ya buɗe kula ya ce shi ma a ɗanɗana nasa, ba wanda ya yi fushi."

Sai a lokacin kuka ya zo mini, na yi shi sosai.

Da suka dawo ta kawo mini kular a wanke. Ta ce da za ta wanke farar rigarsa ta zuwa coci, sai ga masa guda a aljihu, ya ɓoye don kar jikoki su gani. Ta sa sabulu sau uku, man shanun ya ƙi fita.

Da yamma na fito kwashe shanya, na hango rigar a kan igiyarsu, da ɗan zagayen tabo daidai aljihun ƙirji.