Ɗankwalin 'Yar Tela

Ni mai kitso ce, kuma abin da mai kitso ta gani a kan mutum ba ya ƙetare ƙofar gidanta. Ban taɓa zaunar da jikata na gaya mata haka ba. Na ɗauka tana da ido.

Matar tela ta kawo mini 'yarta, ajinsu ɗaya da jikar tawa a ƙaramar sakandare. Yarinyar na da tabon ƙuna a bayan kunne, ruwan zafi ne tun tana rarrafe, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Uwar ta ce, "Iya, a rufe mata." Da yake idona ya fara gajiya, sai na kira jikata ta riƙe mini gashin ina kwantar da shi a kan tabon.

Kafin kitson ya tsufa, yarinya ta daina zuwa makaranta.

Malamarsu ce ta zo har gida. Ta ce, "Iya, 'yan aji sun ce kan 'yar tela ruɓewa yake, wai duk wadda ta taɓa ɗankwalinta gashinta zai zube. Benci guda suka bar mata. Na bi maganar baki-baki, ta kawo ni ƙofarki."

Na dubi jikata, ita kuma ta dubi yatsun ƙafarta kamar yau aka ba ta su.

Na ce, "Ke, gidan rediyo."

"Kaka, mutum ɗaya na gaya wa. Kuma na ce kar ta gaya wa kowa."

"Ita ma haka ta ce wa ta gaba."

"Wallahi tabo kawai na ce."

"To, ya yi ƙiba a hanya."

Na tasa ta gaba sai gidan tela. Ya amsa gaisuwata bai ɗaga ƙafa daga keke ba. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na roƙi ɗankwalin makarantar yarinyar, wanda ba a wanke ba, na ɗaura wa jikata.

"Gobe da shi za ki. Ki zauna a bencin nan. Duk wadda ta tambaya ki ce na wace ce, ki kuma ce daga bakinki maganar ta fito."

"Kaka, dariya za su yi mini."

"Za su yi. Ki ɗanɗana."

'Yar tela na tsaye a bakin labule. Ta ce, "Iya, ko na koma, yanzu kowa ya san da tabon."

Na miƙe, na yi musu sallama, na tasa jikata gaba muka koma gida.

'Yar tela dai ta koma makaranta, da 'yan aji suka ga gashin jikata bai zube ba. Amma ba a sake kawo mini kanta ba. Jiya ta wuce ta ƙofata, iska ta ɗaga ɗankwalin, na hangi kitson wata. Hannun 'yar koyo ne, rabin tabon a waje. Ta gaishe ni, na amsa, na ci gaba da tsifar da nake yi.