Kunyar Ɗan Fari

Mairo ba ta taɓa kiran sunan Mu'azu ba. Ɗan farinta ne, ita kuwa mace ce mai kunya irin ta mutanen da, wadda maƙwabta ke buga misali da ita. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kwalkwalawa. Sai da tsohuwar ta rasu ya dawo Minanata, dogon saurayi, baƙo a gidan ubansa.

Uban, Yari, bin kasuwannin ƙauye yake yana sayen hatsi, in ka gan shi a gida da rana to ba shi da lafiya. Mairo in ta zuba tuwo sai ta ajiye kwanon a ƙofar ɗakin yaron ta yi gyaran murya. Iyakar hirarsu ke nan. Yana ci shi kaɗai, tana ci ita kaɗai, bango a tsakani. Abin yana cin ranta, amma an daɗe ana yaba mata, ta rasa ta inda za ta fara.

Sai Mu'azu ya soma zama da samarin bakin gareji, masu jan magana kamar barci na fizgarsu. Kowa a unguwa ya san abin da suke zubawa a kwalbar lemo.

Wata Asabar tana wanki ta ji abu a aljihun wandonsa: kwalbar maganin tari, ko murfin ba a ɓalle ba. Yaron da ko atishawa ba ya yi! Ta zauna gaban baho har kumfa ta mutu. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Bai sha ba tukuna, amma in ta ci gaba da yin shiru, ta san zai sha.

Bayan la'asar ya fito ya nufi zaure. Ta daure ta buɗe baki.

"Mu'azu."

Ya tsaya yana leƙen ƙofar gida, yana neman wanda ya kira. Can ya juyo a hankali.

"Inna, ke ta?"

"Ni ta. Taho ka zamna wurina."

Ya zo ya tsuguna a bakin tabarma, ya ga kwalbar kusa da ƙafarta. Bai yi gardama ba. Ta tambaye shi, ba da faɗa ba, abin da yake samu wurin yaran nan. 

"Inna," ya ce, "tun da Kaka ta rasu, su kaɗai ka ce mani taho."