Gashin Gwana

Kitson ya faɗo gaba ɗayansa, tun daga tushe, ya sauka a cinyar Malama kamar guntun igiyar da aka yar. Ba daga kanta ya fito ba. Na matar da ke tsaye a bayanta ne tana yi mata tsaga, wadda kowa a shagon ke kira Gwana.

Doguwa, mai kujera ta biyu, ta tsaya da mataji a sama. Malama, tsohuwar shugabar makaranta ce da ta shekara goma sha ɗaya ba ta miƙa kanta ga kowa sai Gwana, ta ɗaga kitson da yatsa biyu, ta dube shi, sannan ta dubi mai shi ta cikin madubi.

Yaya ce ta fara dariya. Ita ce mai shagon, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Gwana, kuma mace ce da ba a taɓa rutsa ta babu amsa a baki ba.

"Kun ga abin da nake faɗa ko? Na hana ta sayen man gashi a bakin titi, ta ƙi ji. Shekara ashirin tana gyara kan mutane, ta je ta ƙone nata. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho."

Aka kwashe da dariya. Gwana ma ta yi, don ita aka zuba wa ido.

Ba mai ba ne. Wata biyu da suka wuce ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu tana wanka. Aka yi hoto, aka ɗebi tsoka, likita ya zaunar da ita ya ce sankarar mama ce. Ƙarin ruwan magani sau shida, duk bayan mako uku, daga nan sai aikin tiyata. Ya ce gashi zai zube. Ta ji komai, ta gyaɗa kai, ta fito ta zauna a kan benci ta kasa tuna ta ina ake fita daga asibitin. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa.

Mutum biyu ta faɗa wa, mijinta da Yaya. Mijin ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa yana lallaɓa ta kamar ƙwai, har ta fara jin an riga an yi mata ta'aziyyar kanta. Yaya kuwa ƙofa ta tura, ta ce, "Kar ki kuskura bakinki ya furta wannan a shagon nan. Mata ba sa miƙa kansu ga hannun mai ciwo."

Shagon yana da ƙa'idarsa. Duk safiyar Litinin, kafin mutane su fara zuwa, masu kitson kan yi wa juna sabon salo, kuma babu mai ɗaura ɗankwali a ciki har mako ya ƙare. Kan mai kitso shi ne allon tallarta, in ji Yaya. Mace za ta shigo ta kalli kawuna, ta nuna wanda take so. Gwana ta fi kowa gashi, ga cika ga tsawo, shi ya sa kujerarta ce a bakin ƙofa, inda mai wucewa zai hango. A wannan kujerar kaɗai ta rage mutum. A gida majinyaciya ce, a asibiti lambar kati ce, amma da zarar yatsunta sun shiga gashi sai ta yi awa huɗu ba ta tuna mutuwa ba. Ba ta roƙi komai ba sai a bar mata kujerar nan.

Litinin ɗin da ta gabata ta ce a ɗaga mata, fatar kanta na ciwo. Yaya ta ce in ta rufe kai za a yi tambaya, ta zaunar da ita, ta yi mata da hannunta, ta kuma ja sosai don ya yi kyau. Kwana biyu kitson ya yi kafin ya faɗo.

Da ta gama wa Malama, Gwana ta raka ta waje. Ta gaji da zama abin dariya, kuma wannan matar ta sha kuka a ƙarƙashin hannunta lokacin da mijinta ya rasu.

"Malama, ba mai ba ne. Sankara ce. Ina shan magani."

Malama ta dafe ƙirji. Ta yi addu'a mai tsawo, mai daɗi, har idonta ya kawo ruwa. Tana yi tana ja da baya kaɗan-kaɗan, hannunta ɗaya yana shafa sabon kitson da ke kanta.

Kafin a tashi aiki Malama ta riga ta kira Yaya a waya ta faɗa mata.

Gwana ta zaci faɗa. Sai ga Yaya ta sallami Doguwa, ta rufe shago, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, murya a sanyaye.

"Ƙanwata, abin da ya faru ya faru. Gashin nan ko mun so ko mun ƙi tafiya zai yi. Bari in yanke shi tun yana da kyau, in ƙara da na kanti a ƙasa, in haɗa miki hular gashi. Naki ne zai koma kanki. Ki sa abinki, ki koma kujerarki, babu wanda zai gane."

Gwana ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko a gaban likita. Ta ji kunyar duk abin da ta taɓa ƙullata game da 'yar'uwarta. Jini ai ba wasa ba ne. Ta sunkuyar da kai, Yaya ta warware kitson a hankali, ta ɗaure gashin ƙulli-ƙulli da zare, tana yankewa tana jerawa a kan farin tawul. Ko sili ɗaya bai taɓa ƙasa ba.

"Kafin a gama haɗawa sai ki ɗan zauna a baya," in ji Yaya. "Na 'yan kwanaki ne."

Bayan shagon wani lungu ne mai famfo da labule. Nan Gwana ta koma da ɗankwalinta, tana wanke matazai, tana shanya tawul, ƙamshin mayuka yana tayar mata da zuciya. Ta labulen take jin masu zuwa wurinta shekara da shekaru suna tambaya a hankali, "Tana ciki?" sannan su zauna wa Doguwa. Wasu kan ɗaga murya su ce, "Sannu, Gwana, Allah ya ƙara sauƙi," ba tare da sun ɗaga labulen ba. Wata ma da nata matajin ta fara zuwa a jaka.

Duk mako takan tambayi hular. Yaya ta ce aikin hannu ne, ba a yi masa gaggawa. Gwana ta yarda, don ba ta da abin riƙewa sai wannan. A kan gadon asibiti, ruwan magani yana shiga jijiyarta da sanyi, ba warkewa take hangowa ba. Kanta take hangowa a bakin ƙofa, da mataji a hannu.

Bayan ƙarin ruwa na uku ta yi kwana shida a kwance. Ran na bakwai ta tashi ta yi wanka, ta zana gira a inda gira ta kasance, ta tafi shago ba ta sanar ba.

Malama ce zaune a kujerar bakin ƙofa, Yaya na tsaye a kanta tana daidaita mata sabuwar hula. Gaban kan Malama ya daɗe da fara sanƙo, Gwana ce ma ta shekara tana ɓoye mata shi da dabarar tsaga. Yanzu ga gashi baƙi wuluk ya sauko mata har kafaɗa. Mutum ba ya kasa gane abin da ya shekara arba'in yana tajewa. Har 'yan silin furfurar nan da ke bayan kunnen hagu suna nan, ba a cire ba.

Yaya ta gan ta ta madubi. Ko gezau.

"A'a, kin tashi? Da kin huta ai." Ta matso, ta rage murya. "Kar ki yi min wannan kallon. Ke ina za ki da shi? Daga gida sai asibiti. Ɗankwali ya ishe ki, shago kuwa sai an ci gaba da buɗe shi."

Idon Gwana na mai sana'a ne, ya riga ya ga an karkatar da tsagar. Gashin nan ɓangaren dama yake kwanciya, an tilasta shi hagu. Hannunta ya miƙa da kansa.

Malama ta kauce da sauri, har kujerar ta yi ƙara.

"Bar shi, 'yata, bar shi. Kar ki taɓa. Ki ji da jikinki."

Gwana ta mayar da hannuwanta baya ta haɗe su. Kalma biyu za ta faɗa, matar nan ta fizge hular ta yi jifa da ita, shagon Yaya ya zama labari a unguwa. Yaya ma ta sani, ta tsaya da mataji tana kallon bakinta.

Malama ta juya kai dama da hagu a madubi, ta tura yatsunta cikin gashin tun daga tushe har ƙarshe, ta ɗebo ta shinshina.

"Yayarki ta ce daga ƙasar waje aka kawo shi. Dubi laushi. Ko wace ce mai gashin nan, ta ji daɗin duniya."

"Ta ji," in ji Gwana. "Kar dai ki wanke shi da ruwan zafi. Ba ya so."

Ta ɗaga labule ta shiga baya. Matazan kwana shida na jiran ta a cikin roba.